Yanayin gida da cin kayan lambu a wurin matasa: tarihin wata tambaya daga 1939 zuwa yau

0. Gabatarwa

Tun wajen shekara ta 2000 mujallun kimiyyar abinci na Amurka da Turai suke ta juya wata tambaya: shin irin zaman da ake yi a cikin gida, na jituwa ko na tsangwama, yana da dangantaka da yawan ƴaƴan itace da kayan lambu da matashi yake ci? Wanda ya ji ta karon farko yana iya cewa ina ruwan biri da gada. Amma an kashe kuɗi mai yawa a kanta, an tambayi dubban samari da ƴan mata, kuma amsar da aka samu ita ce dangantakar tana nan, sai dai siririya ce, ba ta kai yadda jaridu ke zuzuta ta ba.

A cikin wannan ƙasida tarihin tambayar za mu bi, watau inda kalmominta suka fito, da mutanen da suka ƙera ma'aunanta, da irin gidan da suke gani a zuci lokacin da suke ƙera su. Abin da ya jawo mai nazarin harshe cikin wannan fage shi ne, abin da ake kira «yanayin gida» da magana kaɗai ake auna shi: ko dai maganar da ke cikin takardar tambayoyi, ko kuwa wadda iyaye da ƴaƴa ke yi a bakin abinci. Irin waɗannan takardu ne kuma kan faɗo hannun ɗalibbanmu, a ce su juya su da Hausa don aikin wata ƙungiya ko don kundin ƙare karatu. Ya kamata mai fassara ya san asalin abin da aka ɗora mishi.

1. Kurt Lewin: kalmar «yanayi» da mai tsaron ƙofa

Kalmar da muke fassarawa da «yanayi», wadda Faransanci ke cewa climat, ta samu gindin zama cikin ilimin halayyar ɗan Adam ta hannun Kurt Lewin. Lewin Bayahude ne ɗan ƙasar Jamus, ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1933, shekarar da Hitler ya hau mulki. Bayan shekara biyu a jami'ar Cornell ya koma jami'ar Ayowa, a wata cibiya ta nazarin rayuwar yara. A can ne, tare da Ronald Lippitt da Ralph White, ya yi gwajin da aka wallafa a 1939. Sun tara yara maza ƴan shekara 10, suka raba su biyar-biyar suna aikin hannu bayan an tashi daga makaranta, kowane rukuni da babban mutum guda a kanshi. Manyan nan an koya musu salo uku: wani lokaci shugaba ya yi mulkin kama-karya, shi ke yanke komi, wani lokaci ya yi shawara da yaran, wani lokaci kuma ya zura musu ido su yi abin da suka ga dama. Ƙarƙashin kama-karya, yaran ko dai su riƙa cin zalin juna ko su yi laƙwas, da shugaba ya fita daga ɗaki kuma sai aiki ya ja baya. Ƙarƙashin shawara kuwa ko ya fita aiki na tafiya. Yaran dai su ne, shugabannin ma karɓa-karɓa suke yi, kowa yana sauya salo; abin da ya sake shi ne abin da marubutan suka kira yanayi.

Abin lura a nan: a kan taken maƙalar ta 1939 kalmar tana cikin alamar zance, shaidar cewa marubutan sun san aro suka yi daga maganar iska da ruwan sama. A hankali alamar ta faɗi, aron ya koma kamar wani abu da ke nan zahiri, wanda za a iya ba lamba.

Yaƙin duniya na biyu ne ya kai Lewin ga tukunya. Hukumomin Amurka suna aika nama ga sojoji da ƙasashen ƙawance, suna kuma neman hanyar da za a sa farar hula su ci abin da suka saba ƙi, kamar zuciya da ƙoda da sauran kayan ciki. Aka kafa kwamitin nazarin al'adun cin abinci, Margaret Mead ta zama sakatariyarshi a 1942. A rahoton da ya ba kwamitin a 1943 Lewin ya ce abinci ba ya zuwa tebur da ƙafarshi: yana bin hanyoyi, ta kasuwa ko ta lambun gida, kuma kowace hanya tana da ƙofa da mai tsaronta. A gidajen da ya bincika, mafi yawan lokaci uwargida ce mai tsaron nan. Sa'an nan ya gwada hanya biyu ta shawo kanta. Wasu matan an yi musu lacca a kan amfanin kayan ciki. Wasu an bar su suka tattauna tsakaninsu, suka faɗi abin da ke hana su (wari, ƙyamar miji), daga ƙarshe suka ɗaga hannu don nuna wadda za ta gwada. Cikin waɗanda suka ji lacca kashi 3 cikin 100 ne suka dafa abin. Cikin masu tattaunawa kashi 32. Rukunonin ƙanana ne, kuma bakin matan aka bi, ba a leƙa tukunyarsu ba. Duk da haka abu biyu sun fito daga hannun mutum guda: cewa zaman mutane yana da yanayi, da cewa yadda aka yi magana a kan abinci yana sauya cinshi fiye da sanin amfaninshi.

2. Daga salon riƙon yara zuwa ma'auni

Mataki na biyu ya zo daga Kaliforniya. Diana Baumrind, ta jami'ar Berkeley, ta ɗauki salo uku masu kama da na Lewin ta kai su cikin gida, a rubuce-rubucenta na 1966 zuwa 1971: uba ko uwa mai tsanani, wanda ke ba da umurni ba bayani, mai sangarta yaro, da kuma mai haɗa doka da lallashi, wanda ke tsawatawa amma yana faɗin dalili yana kuma saurare. A 1983 Eleanor Maccoby da John Martin suka mai da abin kan igiya biyu, watau yawan abin da iyaye ke nema ga yaro, da yawan saurare da nuna ƙauna. Igiya biyu suna ba da gida huɗu, sai aka samu salo na huɗu, na ko-oho, inda babu doka babu ƙauna. A gefe guda kuma Rudolf Moos, na jami'ar Stanford, ya fitar a 1974 da ma'aunin muhallin iyali, jimloli 90 da ake amsawa da «gaskiya» ko «ba haka ba», waɗanda ke auna abubuwa goma, cikinsu har da haɗin kai, da sakin baki wajen faɗin abin da ke zuci, da yawan faɗa.

Waɗanda suka ɗaura maganar daidai yadda take a yau su ne Nancy Darling da Laurence Steinberg, a maƙalarsu ta 1993. Sun raba abu biyu da aka daɗe ana cuɗawa. Akwai abin da iyaye ke aikatawa don wata manufa, kamar duba littafin yaro ko hana shi alawa. Akwai kuma salon gaba ɗaya, wanda suka bayyana a matsayin tarin halaye da iyaye ke nuna wa yaro har su haifar da wani yanayi na zuci, kuma cikin wannan yanayi ne kowane aiki ke samun ma'anarshi. Mai nazarin harshe zai gane abin nan take. Uwa biyu suna iya furta jimla guda, «cinye ganyen nan», a gida ɗaya ta zama kulawa, a ɗayan ta zama takalar faɗa. Kalmomin ba su sake ba. Abin da aka aikata da su ne ya sake.

Shekara guda bayan haka, a 1994, Ruth Chao ta ja kunne. Iyayen da suka yi ƙaura daga Sin zuwa Amurka suna faɗawa gidan «masu tsanani» in an auna su da ma'aunin Baumrind, amma ƴaƴansu suna yin fice a makaranta, saɓanin abin da ma'aunin ya yi hasashe. Chao ta nuna cewa kalmar Sinanci guan tana ɗauke da ma'anar mulki da ta ƙauna a lokaci guda, don haka ma'aunin da ya raba su gida biyu ba zai gane waɗannan iyaye ba. Za mu komo ga wannan, don Hausa ma tana da «kula» da «horo» da «tarbiyya».

Wajen abinci kuwa, Leann Birch ce ta yi aikin gwaji, tun daga farkon shekarun 1980, a jami'ar Ilinoi sa'an nan a Fensilbaniya. Ta nuna cewa in aka ce wa yaro «sha wannan sa'an nan a ba ka lada», son abin shan yana raguwa. Abin da aka ba shi a matsayin lada kuwa ƙimarshi tana hawa. A 2002, cikin binciken ƴan mata ƴan shekara 5, ita da abokan aikinta sun ga cewa ƴaƴan iyaye masu cin kayan lambu sun fi ci, ƴaƴan masu matsa wa yaro ya ci kuma sun fi ƙarancin ci. A 2006 aka gwada da miyar sha: yaran da ake ta ce musu su shanye sun sha ƙasa da yadda suke sha in an ƙyale su, sun kuma fi kushe miyar. Amma duk waɗannan ƙananan yara ne. Matashi yana da kuɗin aljihu da abokai da ƙafar fita, ba a kama shi cikin ɗakin gwaji da sauƙi.

3. Giram 400 da manyan ƙidayoyi

Me ya sa ƴaƴan itace da kayan lambu, ba nama ko hatsi ba? Saboda sun samu lamba. A 1990 wani rahoton Ƙungiyar lafiya ta duniya (OMS) ya ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 a rana don rage cututtukan zuciya da wasu na daji, aka sake jaddada ta a 2003, ban da dankalin turawa da sauran saiwoyi masu sitaci. In an raba 400 gida biyar ana samun kaso biyar na giram 80. Kiran «biyar a rana» ya fara a Kaliforniya a 1988, ya zama na Amurka duka a 1991. Faransa ta ɗauke shi cikin tsarinta na abinci da lafiya na 2001, daga 2007 kuma aka riƙa liƙa shi a ƙasan tallar abinci. Da zarar an samu abin ƙirgawa a gefen faranti, ga kuma ma'aunin yanayi a gefen iyali, haɗa su cikin kwamfuta bai da wuya.

A 2000 Matthew Gillman da abokanshi na Harvard sun wallafa bincike a kan yara 16,202 ƴan shekara 9 zuwa 14, dukansu ƴaƴan ma'aikatan jinya. Waɗanda ke cin abincin dare da iyalinsu kullum sun fi waɗanda ba safai suke yi ba da kusan kaso guda a rana. Sun kuma ga yadda shekaru ke janye yaro daga tebur: fiye da rabin ƴan shekara 9 suna cin abincin dare da iyali kullum, amma a shekara 14 kamar ɗaya cikin uku ne.

Wani dogon aiki shi ne na jami'ar Minesota, wanda ake kira Project EAT, ƙarƙashin Dianne Neumark-Sztainer. An fara shi a 1998-1999 da matasa 4,746 na makarantu 31, aka ci gaba da bin sawun da dama daga cikinsu har suka girma. Sakamakon da suka fitar a 2003 shi ne, abu biyu ne suka fi tafiya da cin kayan lambu: kasancewarsu a gida, da son ɗanɗanonsu. Inda babu kayan a gida, so da ƙi duk ɗaya ne. Inda suke kuwa, har wanda ba ya son su yana ƙara ci. Cin abinci tare da goyon bayan iyaye suna da tasiri, amma ta wannan ƙofa suke bi, watau ta hanyar sa kayan su kasance a gida, kuma a nan suna tafiya tare da arzikin gidan da wadatar abinci. A ganinmu wannan ne sakamako mafi ƙarfi a duk fagen, kuma Lewin ne ya dawo da mai tsaron ƙofarshi bayan shekara sittin. Bibiyar da aka yi bayan shekara biyar ta ƙara abu biyu. A 2007 an ga cewa waɗanda suka saba cin abinci da iyali suna matasa sun ci gaba da fin sauran cin kayan lambu bayan sun girma. A 2010 kuma Jerica Berge ta ga wani abin da ba a zata ba: ƴan matan da ubanninsu ke gidan «masu sangartawa» su ne suka fi cin ƴaƴan itace da kayan lambu, abin da ya sa marubutan suka yi zaton ƙaunar uba ce ke aiki a nan fiye da dokarshi.

A Turai, Stef Kremers na jami'ar Maastricht ya tambayi matasan Holan 1,771 ƴan shekara 16 da 17, ya wallafa a 2003. Ƴaƴan masu haɗa doka da lallashi ne kan gaba wajen cin ƴaƴan itace, ƴaƴan masu sangartawa na bin su, ƴaƴan masu tsanani da na ko-oho suna baya. Nan ma igiyar ƙauna ce ta raba gardama. Sai dai wani bincike na 2009 a kan ƴan shekara 11 na ƙasashen Turai huɗu bai ga bambanci mai yawa tsakanin salon huɗu ba. Wani kuma na 2008 a kan ƴan matan Amurka ya ga haɗin kan iyali yana tafiya sosai da yin karin kumallo da rage lemun kwalba, amma da ƙyar ya taɓa kayan lambu. Da Mattea Dallacker, Ralph Hertwig da Jutta Mata suka tara bincike 57 a 2018, dangantakar cin abinci tare da kyawun abincin yaro ta tsaya wajen 0.1, a ma'aunin da ke tashi daga -1 zuwa 1.

Akwai kuma matsalar da ƙidaya ba ta warwarewa. Yawanci matashi guda ne ke cika takardun biyu, ta yanayin gida da ta abinci. Wanda ke shiri da iyayenshi yana iya ƙawata duka biyun. Ba a kuma san wanne ya haifi wanne ba: yaron da ba ya gardama a kan abinci yana sa tebur ya yi daɗi. A 2012 Kelly Musick da Ann Meier sun duba amfanin da ake jingina wa cin abinci tare wajen damuwa da shaye-shaye da ƙananan laifuka, suka ga yana raguwa ƙwarai in an lissafa da kyawun dangantakar gidan da arzikinshi. Gwaji na haƙiƙa kaɗan ne. Wanda aka yi a Balin, aka wallafa a 2023, ya haɗa yara 50 ƴan shekara 6 zuwa 11 kowa da uwa ko uba: da aka tsawaita zaman cin abinci da kamar minti goma, yaran sun ƙara cin yankan ƴaƴan itace da na kayan lambu, ba su kuwa ƙara cin burodi haka ba. Su ma dai ba matasa ba ne.

4. Abin da ake faɗi a tebur

Tun 1943 James Bossard, masanin zaman jama'a na jami'ar Fensilbaniya, ya yi kira a ɗauki hirar tebur a matsayin fagen nazari. Kiran ya jira na'urar ɗaukar hoto da murya. A 1996 Elinor Ochs, Clotilde Pontecorvo da Alessandra Fasulo suka kwatanta abincin dare na iyalai 20 na Los Anjeles da 10 na Roma da Nafuli, duka masu matsakaicin hali, suka rubuta kowace magana da aka yi a kan abinci. Sun ga jigo huɗu: abinci a matsayin mai gina jiki, a matsayin dukiyar da bai kamata a ɓata ba, a matsayin lada, da kuma a matsayin daɗi. Iyayen Amurka sun fi tsayawa kan ukun farko. Yaro «dole» ya ci ganye kafin ya samu kayan zaƙi, sai cin abinci ya koma ciniki, loma nawa kafin a sallame shi. Harshen kanshi yana raba abin da ya wajaba da abin da ake so, ganye kuma kullum yana ɓangaren wajibi. Iyayen Italiya sun fi maganar daɗi. Suna amfani da ƴan ɗafe-ɗafen ƙanƙantawa da na shagwaɓa da nahawunsu ke da su don sunan abinci ya yi armashi, suna tuna abin da kowane yaro ke so a matsayin wani ɓangare na halinshi, suna yaba wa wanda ya dafa.

Iyalai talatin ba su isa a yanke wa ƙasa biyu hukunci ba, marubutan ma ba su yi da'awar haka ba. Amfanin aikin a wurinmu shi ne ya buɗe cikin abin da takardar tambayoyi ke rufewa da lamba guda. Yanayi a nan ya koma abin da za a iya ji a rubuta: wa ya yi umurni, da wane sigar aiki, wa ya yi sharaɗi, wa ya yi yabo, wa ya yi shiru.

5. In takardar ta zo hannun mai fassara

Duk binciken da muka lissafa yana tsaye kan wani gida na musamman: uba da uwa da ƴaƴansu, tebur guda, kowa da farantinshi, da firij inda kayan lambu ke nan rani da damina. Ƙidayoyin OMS da ke tambayar kaso nawa mutum ke ci a rana sun riga sun iso Nijar (an yi wadda ake kira STEPS a 2007), tambayoyin yanayin gida kuma suna cikin littattafan da ɗalibban lafiya da na zaman jama'a ke karantawa. Ga inda fassara ke tuntuɓe.

Na farko sunan abin da ake ƙirgawa. Hausa ba ta da kalma guda da ta rufe abin da Faransanci ke nufi da légumes. Akwai kayan miya, akwai ganye ko haki, akwai kayan lambu ko na garka. Kuka da guro da yakuwa da malohiya suna shiga tukunya busassu ko ɗanyu, zogala da tafasa da rama suna zuwa a kwaɗo ko dambu, salati da shu da karoti kuwa sun ƙara yaɗuwa ne da noman rani da gwamnatin Seyni Kountché ta tura bayan farin 1984. Wanda aka tambaya «kayan lambu» zai tuna salati ya manta miyar kukar da ya sha jiya. «Kayan marmari» kuma sunan da kanshi yana cewa abin sha'awa ne na lokaci-lokaci, yana kai hankali ga mangwaro da lemu da ayaba na saye. Magarya da kurna da aduwa da kanya da goriba, waɗanda yaro ke tsinka ko ya saya da dala biyar a bakin makaranta, da wuya ya sa su a lissafi sai an ambace su da suna. Balle kaso na giram 80 daga kwanon da hannu biyar ke ciki. Amsar watan Afrilu, lokacin mangwaro, ba kuma ita ce ta watan Agusta ba.

Na biyu ya fi haɗari, don kuskuren ba ya nuna kanshi. Igiyar ƙauna ta Maccoby da Martin, da Ingilishi da Faransanci, da kalmar ɗumi ko zafi ake kiranta. Iyayen da ba su da ita kuma «masu sanyi» ne. A Hausa abin a juye yake. Uba mai zafi shi ne mai faɗa, zafin rai aibi ne. Sanyin hali yabo ne, ɗa nagari kuma sanyin idon iyayenshi. Gaskiya ana cewa yaro ya ji ɗumin uwa, amma wannan na goyo ne, ba ya kai wa ga saurayi. Ita kanta «yanayi» a bakin mutane ta fi zuwa ga iska da zafi da halin da ake ciki. Tsohuwar da aka tambaya yanayin gidanta tana iya ba da labarin rufin da ke yoyo. «Zaman gida» ya fi kusa, tare da jituwa, shiri, sakin fuska, da kishiyoyinsu, tsangwama da gaba da ɗaure fuska. Sa'an nan ga matsalar Chao: jimlolin ma'auni suna neman a ce iyaye suna yabon yaro a gabanshi, suna hira da shi a kan damuwarshi. A inda kunyar ɗan fari ke hana uwa ko kiran sunanshi, amsar za ta zama a'a, ma'aunin ya jefa ta gidan ko-oho, alhali ita ce ke rufe mishi rabonshi da faifai har ya dawo da dare.

Na uku tambayar da Project EAT ta shahara da ita: cikin kwana bakwai da suka wuce, sau nawa dukan mutanen gidanku, ko mafi yawansu, suka ci abinci tare? A gidajen Hausawa da yawa maigida yana ci a zaure da baƙi ko maƙwabta, mata a cikin gida, samari da kwanonsu, ƴan mata da nasu. Amsar gaskiya sifiri ce, a gidan da babu abin da ya ɓaci. Tun 1977 Claude Raynaut ya nuna, a wani ƙauyen Hausa na yankin Maraɗi, cewa babban ɓangare na abin da mutane ke ci yana bi ta sayen dafaffen abinci daga hannun mata da kuma aike tsakanin gidaje, watau tukunyar gida ba ita kaɗai ce ƙofa ba. Ga matashin yau a ƙara da fada, wadda ta yaɗu a biranen Nijar daga shekarun 1990, da tallar da ke kai yarinya kasuwa, da ɗan ƙauyen da ya zo kwaleji yana zaune gidan mai masauki, wanda yanayin da ke mulkin cikinshi ba na iyayenshi ba ne.

Ko an zauna kan kwano guda, tarbiyya tana son a ci a yi shiru, kuma Hausa tana da kalmar da ba mu san takwararta a Faransanci ba: santi. Wanda daɗin abinci ya sa ya saki baki ya zama abin dariya. Jigon da Ochs da abokanta suka samu a Italiya, na yabon daɗi ana cikin ci, a nan shi ne abin da ake yi wa yaro ba'a a kai. Mai binciken da ya kafa na'urarshi gaban masu cin tuwo zai koma da ƙarar cokali da «bismilla» da «alhamdu lillahi». Maganar abinci tana faruwa kafin nan: lokacin da ake aiken yarinya cefane ana gaya mata abin da za ta saya da abin da za ta bari, lokacin da baƙo ya kawo tsarabar lemu ana raba ta, da kuma bakin murhu sa'ad da mai girki ke kwasar tuwo tana zuba miya kwano-kwano. A can ne ake jin «ƙaro mishi miya», «bar wa ƙanenka», «in ba ka so ka kwana da yunwa», kuma wurin na mata ne da yara, don haka mai riƙe na'urar sai ta kasance mace, wadda gidan ya saba da ita har an daina yi mata shimfiɗa.